Motar da Ta Ƙi Riƙe Ruwa

Ɗigon ya sake fitowa ta inda ya fito jiya. Obrad yana durƙushe gaban motar ya zuba masa ido. Ya taru a gefen murfin ƙarfen nan da babban tiyo yake shiga a saman inji, ya kumbura, ya gangaro ya faɗa kan tsohuwar jaridar da ke shimfiɗe a ƙasa. Kafin Obrad ya sauke numfashi wani ya biyo bayansa.

Ya kashe motar, ya zauna a kan kututturen da suke faskare a kai, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Motar ta girme shi nesa ba kusa ba. Kakansa Milisav, wanda kowa a gidan yake kira Deda, shi ya sayo ta sabuwa tun yana da ƙarfinsa. Yanzu idonsa ya yi rauni, kunne ɗaya ya toshe, tuƙi ya koma hannun Obrad, tun da mahaifinsa yana can Jamus wajen aikin gini. Ba wata tafiya ake yi da ita ba, daga kasuwa sai asibiti. Amma ranar Asabar mai zuwa kakarsa Stamena za ta cika shekara da rasuwa, kuma a ƙauyensu aka binne ta, Brezna, can bisa dutse inda bas ta daina hawa tun da mutane suka watse. Dole a kai dafaffiyar alkama da kyandir da ruwan inabi bakin kabari da safe. Limamin cocin da zai yi addu'a ƙauyuka da yawa ne a wuyansa, in ya zo bai tarar da mutane ba, ba ya jira. Tun da aka binne matarsa Deda bai sake ganin kabarin ba. Bai roƙi komai ba a shekarar nan sai wannan tafiya, kuma ya ce a motarsa zai je, wadda ya saba kai ta gida a ciki.

"Injiniya, ta warke?"

Budimir ne, maƙwabcinsu, ya ɗora haɓa a kan shinge kamar kullum. Tsohon direban tarakta ne, yanzu ba shi da aiki sai kiwon zuma da sa ido a gidan mutane.

"Tana nan yadda take," in ji Obrad.

"Na gaya maka tun shekaranjiya. Cokali biyu na garin barkono a lagireto, ka fasa ɗanyen ƙwai ka bi da shi. Ubana haka ya yi har ya mutu."

"Kawu Budimir, mota ce fa, ba tukunyar miya ba."

"To kai da ka yi na 'yan birni, ga shi nan tana maka fitsari a tsakar gida."

Obrad ya jira injin ya huce, ya kwance famfon ƙasa ruwan ya tsiyaye, ya ɗauko sifana ya sake kwance notinan murfin. Abin da ya gani shi ya fi ba shi haushi. Gam ɗin da ya shafa jiya da yamma, wanda ya kamata a ce ya bushe ya zama kamar roba, ya tarar da shi jagwab, wani wajen ma ya wanke tas kamar ba a taɓa shafawa ba. Wannan shi ne karo na biyu. Mai shagon kayan mota a gari ya ja masa kunne sosai, ya ce ka shafa, ka ɗaure, ka bar shi wuni da kwana kada ruwa ya taɓa shi. Haka kuwa ya yi. Yana shafawa da yamma, ya tafi aikinsa na injin yanka katako da asuba, sai ya dawo yake zuba ruwa. To ta ina?

Washegari a lokacin hutun rana ya taka har shagon da ragowar gam ɗin a aljihu.

"Wannan abin naka ya lalace," ya ce a hankali, don shi ba mai iya faɗa ba ne.

Mai shagon ya matso ɗan kaɗan a kan kanta, ya shinshina. "Lafiyarsa ƙalau. Kai ne dai ba ka da haƙuri. Duk ku samari haka kuke, ku shafa yanzu, ku ce a tafi yanzu."

"Na bar shi ya kwana."

"Kowa haka yake cewa."

Obrad ya sayi wani iri dabam, ƙarami, mai ruwan toka, shi kaɗai ya rage a shagon. Ya haɗa da sabon tiyo da kilif biyu, ko da laifin daga can ne, da galan ɗin koren ruwan nan mai hana daskarewa, don sanyi ya fara sauka, da safe ciyawa fari fat take kwana.

Yammacin Alhamis ya yi aikin kamar mai wankan jariri. Ya kankare tsohon gam da reza har ƙarfen ya fito. Fuskar murfin duk ta ci, ramuka ƙanana kamar zanzana, sai ya shimfiɗa samfefa a kan gilashin tsohuwar taga ya dinga goga shi a kai, yana juyawa, har ya yi sumul. Ya goge da fetur. Ya yanko sabon gaskit daga kwalin takalmi, ya ɗora a kan murfin yana bubbuga gefen da ƙaramar guduma har siffar ta fita da kanta, yadda Deda ya koya masa tun yana yaro. Sannan ya ja gam siriri ta ko'ina, ya mayar, ya ɗaure notinan kaɗan-kaɗan, wannan gefe sai wancan, don kada ɗaya ya danne ɗaya.

Deda yana zaune a kan benci jikin bango, da hularsa ta gashin tunkiya, hannuwa biyu a kan sanda. Tun rasuwar Stamena magana ta yi masa wuya. Kallo kawai yake yi.

Budimir ya leƙo. "Har yanzu? Kai yaron nan, ka bar baiwar Allah ta huta mana. Da yamma ka kwance ta, da sassafe ka tada ta ka hana mutane barci."

"Da sassafe ina wajen katako, Kawu."

"To aljanu ne ke nan suke tuƙa ta."

Obrad ya ɗauka irin zolayarsa ce ta kullum. Kansa na wajen notin ƙarshe, bai ko ɗago ba. Ya rufe bonet, ya wanke hannu, ya shiga ciki.

Ranar Juma'a bai je aiki ba, ya nemi izini don shirin tafiya. Mahaifiyarsa Zorka, wadda ita ma da safe take fita shagon ƙauye inda take sayarwa, ta ce ya raka ta ya ɗauko kyandir da kwalbar ruwan inabi da sukarin alkama. Rana ta ɗan ɗaga ke nan yana dawowa da kayan a hannu. Yana karyo kwanar gidan Budimir ya ji ƙarar inji. Ba ya ɓata masa, wannan tarin da take yi kafin ta daidaita, ko cikin barci ya san shi.

Bai san lokacin da ya kai ƙofar gida ba.

Bonet a buɗe. Deda yana tsaye gabanta da shuɗiyar tukunyar nan ta marigayiya, ya riƙe ta da tsumma, tururi na tashi daga bakin lagireto. Injin na aiki. Daga gefen murfin da Obrad ya wahala a kai jiya ruwa ne ke tsartuwa, yana janyo gam ɗin zare-zare, ruwan toka, yana gangarawa cikin bokitin da tsohon ya tara a ƙasa.

Obrad ya ajiye kayan a kan benci, ya zura hannu ta taga ya kashe motar.

"Deda. Me ke nan?"

Tsohon ya juyo da kunnensa mai ji. Fuskarsa cike da tausayi. "Au, ka dawo? To ka gani da idonka. Tana yoyo, ɗan nan. Aikin naka bai kama ba."

"Kai ka zuba mata ruwa?"

"Mai zafi. Ba na zuba mata mai sanyi, ka sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da sanyi ya sauka. Motar da za ta hau dutse ba a barin ta ta sandare. Da safe a ba ta ruwan zafi, a tada ta ta ji ɗumi, sannan a tsiyaye kada ya daskare a cikinta ya fasa inji. Haka muke yi tun kafin a haifi ubanka." Ya ajiye tukunyar a hankali. "Kullum na duba sai in ga tana zuba. Ban so in gaya maka ba, na ga kana ƙoƙari. Sai in goge wurin, in kai ruwan gindin tuffa."

Obrad ya waiwaya. Gindin bishiyar tuffa jiƙe yake, ƙasar ta yi ja da tsatsa. Kwana da kwanaki yana wucewa ta gefenta.

Da ya buɗe baki muryar da ta fito ba irin tasa ba ce.

"Gam ne, Deda. Gam. Sai ya bushe. Ruwa ne ba ya so, ruwa, kai kuma kullum kana ɗura masa tafasasshe. Sau uku ina kwance abin nan. Na je na yi wa mai shago rashin kunya a banza. Wa ya sa ka? Wa ya ce ka taɓa?"

"Motata ce."

"To ka tuƙa ta gobe mu gani."

Yana faɗa ya so ya mayar da maganar cikinsa. Deda ya dubi tukunyar, ya ɗauke ta da hannu biyu ya nufi ɗakin girki yana jan ƙafa. Nan Obrad ya tuna, yana ƙarami, duk safiyar hunturu kakarsa ce take ɗora tukunyar nan a kan murhu tun duhu, ita take fitowa da ita, Deda ya buɗe bonet, ta zuba tana masa mitar ya cika son motar nan fiye da mutane.

Budimir, da ya ji komai ta shinge, wannan karon bai yi dariya ba. "Da ka saurare ni jiya," ya ce, ya koma wajen zumarsa.

Ba lokacin zama. Obrad ya sake kwancewa, ya sake kankarewa, ya busar da wurin da tsumma. Ya matsa gam, sai iska. Ya tsaga mazubin gam ɗin da wuƙa ya kalato abin da ya maƙale a ciki da tsinke, ya shafa, wani wajen da ƙyar ya rufe kwalin. Ko da akwai wani a gari, ba shi ne damuwar ba yanzu. Wuni da kwana ake so, ga rana har ta yi tsakiya, ga sanyi da ke sa abu ya ƙi bushewa. Ya gasa bulo biyu a murhu ya jingina su kusa da murfin, ya lulluɓe injin da tsohon bargo. Makullin da murfin lagireto ya jefa su a aljihunsa.

Da Zorka ta dawo ta ji labari, sai ta dafe kai. "Ni ma da na san haka yake yi da na ɓoye tukunyar." Ta dube shi. "Me ka ce masa? Ya ƙi cin abinci."

"Abin da bai kamata ba."

"To ka sani dai, shi ba mota yake ɗumamawa ba."

Ta juya ta ci gaba da tsince alkamarta.

Asabar da sassafe Obrad ya janye bargon, ya danna gam ɗin da farce. Sama ya yi tauri, ciki Allah kaɗai ya sani. Ya zuba koren ruwan, ya tada mota, ya durƙusa yana kallo. Shiru. Ba ɗigo. Bai yarda ya yi murna ba, ya cika jarka biyu da ruwa ya sa a but. Zorka ta shiga baya da kwanon alkama a cinya, ta yi masa ado da sukari, ta rufe da farin ƙyalle. Deda ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna a gaba, bai dubi kowa ba.

A kan kwalta lafiya lau. Suka wuce gonakin masara da aka girbe, suka haye gada, Obrad ido ɗaya a hanya ɗaya a kan allurar zafi. Da suka bar kwalta suka kama hawan dutse, motar ta koma giya ta biyu tana nishi, allurar ta fara matsawa. Sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya shigo. Sai tururi ta gefen bonet.

Ya tsaya. Ba ya buƙatar dubawa, amma ya duba. Ta gefen da gam ɗin bai isa ba ne, kore shar yana bin jikin inji.

"Za ta kai?" in ji Zorka ta taga.

"Ban sani ba, Mama."

Ga shi ba a buɗe lagireto da zafi. Suka tsaya jiran ta huce, rana na ta hawa, Zorka na duban hanya tana gyara ƙyallen da ba abin da ya same shi. Jarka ta farko ta kai su wani wuri, ta biyu ta kai su gaba kaɗan, yoyon kuwa ƙaruwa yake. Da allurar ta sake miƙewa, babu ko ɗigo a but, babu gida ko ɗaya a kusa, sai itatuwa. Obrad ya kifa goshi a kan sitiyari.

"Bayan kwanar can akwai famfo."

Maganar Deda ta farko ke nan tun jiya. Bai juyo ba, gaba yake kallo.

"Ka lallaɓa ta, za ta kai. Wani mutum ya gina shi don 'yarsa da ta rasu."

Akwai kuwa. Bututun ƙarfe ne a jikin dutse, ruwa na zuba cikin kwami, suna rubuce a sama ya kusa gogewa. Obrad ya tara jarka, zai kashe mota, tsohon ya ɗaga hannu.

"Bar ta tana aiki. Ruwan dutse ne, in ka kwara mata a tsaye sai ta tsage. Kawo."

Ya fito, ya cire kwat ya ba Zorka, ya naɗe tsumma a hannu ya sassauta murfin a hankali har hucin ya fita, sannan ya dinga zubawa siriri kamar mai zuba mai a fitila. Obrad na tsaye yana tallafe masa gindin jarkar. Ko kaɗan bai zube a gefe ba.

Haka suka yi ta hawa, daga wannan famfo zuwa wancan. Deda ya san su duka, da wanda ya gina, da wanda ya ƙafe ba sai an tsaya ba. Kowace tsayawa kuma tana cin lokaci. Obrad ya daina duban rana don kada ransa ya ƙara ɓaci.

Suna tsaye a famfon ƙarshe, ana hango rufin cocin Brezna, sai ga wata 'yar farar mota tana gangarowa. Zorka ce ta fara gane gemun limamin cocin. Ta fito da kwanon ta tsaya a tsakiyar hanya.

Limamin ya sauke gilashi. Ya ce ya jira iya jira, shi da Ruzha ƙanwar marigayiya da tsofaffi biyu, ya karanta addu'ar a bakin kabari, yanzu jana'iza ke jiransa a ƙasa. Ya dubi Deda, ya dubi tururin da ke tashi, sai ya kashe motarsa ya fito. A kan but ɗin motar aka ɗora kwanon. Ya yi 'yar gajeruwar addu'a da sauri, ya zuba ruwan inabi a kan alkamar, ya ɗebi cokali ɗaya, ya ce Allah ya jiƙan Stamena, ya wuce.

Deda ya daɗe yana kallon ƙurar motar. Sannan ya karɓi kwat ɗinsa ya saka.

Makabartar ba kowa sai Ruzha, tana zaune a kan dutse da gyalenta baƙi. Kyandiran da aka kunna da safe sun kusa ƙarewa.

"Sai yanzu, Milisav? Ita ma haka ta yi ta jiranka duk rayuwarta, kai da akwalar nan."

Deda ya durƙusa da ƙyar, Obrad na riƙe da hannunsa. Ya kafa kyandirinsa a ƙasa, ashana ta ƙi kamawa, Obrad ya kare masa iska da tafinsa har ta kama. Deda ya tsiyaya sauran ruwan inabin a kan kabarin. Ya cire hula.

"Mun makara," ya ce wa dutsen. "Kin dai san halin motar nan. Yaron ya yi iya yinsa. Ni ne na yi ta ba ta ruwa."

Obrad ya kau da kai ya dubi itatuwa. Zorka ta miƙa wa kowa cokalin alkama, suka ci a tsaye.

Komawa a ranar ba ta taso ba, Ruzha ta ce a gidanta za su kwana. Da la'asar sakaliya sanyin dutse ya fara cizo, numfashi na fita da hayaƙi. Obrad ya fito ya tsaya gaban motar. Koren ruwan nan duk ya ƙare a hanya, abin da ke cikinta yanzu ruwan famfo ne zalla, kafin gari ya waye zai zama ƙanƙara. Ya ari bokiti, ya kwanta a ƙasa ya kwance famfon lagireto, ruwan ya zubo da ɗumi a hannunsa.

Da ya miƙe ya ga Deda a bakin ƙofa yana kallonsa. Ya goge hannu a wando, ya ciro makullin daga aljihu ya sa masa a tafi, ya matsa kusa da kunnensa mai ji.

"Gobe da safe sai ka ba ta mai zafi."

Tsohon ya juya makullin a hannunsa. Ya leƙa ɗakin girkin Ruzha, ya yamutsa fuska.

"Wannan ba ta da tukunyar kirki," ya ce. "Da kun bar ni na taho da tawa."